Zauren da Safiyyatu Ta Ƙi Gyarawa

Shekarar da aka gama yaƙin Bama, sojoji suka fara dawowa Batsari ɗai-ɗai, da manyan takalma da akwatunan ƙarfe. Ita ma Safiyyatu a shekarar ta iso, a kan jaki, ita da mahaifiyarta Inna Asama'u da akwatin aikinta. Ta yi makarantar 'yan mata a Katsina, ta koyi aikin ungozoma, En'e, hukumar gargajiya, ta turo ta ɗakin maganin garin. Mijinta Maude yana cikin waɗanda suka tafi Bama, amma shi labarinsa kaɗai ya dawo.

En'e ta ba ta aiki, ba ta ba ta wurin kwana ba. Duk wanda ta tambaya sai ya ce, “Ki je wurin Kabo.”

Kabo babban mahauci ne, mai fara'a, mai yawan ambaton Allah. A bayan kasuwa akwai unguwa guda da yaƙi ya kwashe mazanta, wasu soja, wasu haƙar kuza a Jos, matan suka koma gidajen iyayensu a Ruma da Wagini. Gidajen duk na danginsa ne, shi ke riƙe da su. Damina bayan damina ta bi ta kansu babu mai yaɓe, har suka zama wurin hutun awaki.

Safiyyatu ta same shi a rumfarsa, ta durƙusa, aka yi gaisuwa har da ta mutanen Katsina da bai sani ba. Ya nuna mata gida na farko.

“Baba, nawa zan riƙa biya a wata?”

Kabo ya dafe ƙirji. “Biya? Subhanallahi! Ɗiyata, nan ba Kano ba ce. A garin nan ba a karɓar kuɗin baƙo don ya kwana. Matar Maude guda, in miƙa hannu in karɓi haya? In sa fuskata ina? Ki shiga ki zauna, gidanki ne.”

Inna ta yi ta sa masa albarka har suka bar kasuwa. Safiyyatu dai ta so a ce ya karɓa, amma ta rasa dalilin da za ta faɗa, sai ta yi godiya.

Gidan kuwa, idan ka kwanta a ɗaki kana iya ƙirga shirwa a sama. Safiyyatu ba ta saba zama cikin ƙazanta ba, kuma tana so Batsari ta san wadda aka turo mata. Ta kira magina suka sa sabbin azara, suka yi yaɓe ciki da waje. Ta jiƙa makuba, ta yi gayyar daɓe. Matan unguwa suka zo da madaɓai, suka jeru a durƙushe, suna buga ƙasa suna waƙa, Uwani matar Kabo ce ke ba da waƙar. Ƙarar madaɓai ta kai har bakin rijiyar gari. Daga baya Safiyyatu ta shafe zaure da farar ƙasa, ya riƙa ƙyalli tun daga nesa.

Uwani ta zagaya ɗakunan tana tafa hannu. “Kai, 'yar boko! Wannan ko amarya albarka. Bari in je in ba Malam labari.”

Da kaka ta yi, Kabo ya yi sallama a zauren. Ya zauna a kan tabarma, ya shafa bango, ya duba tafin hannunsa, ya yaba. Ya tambayi jikin Inna, da aiki, da gajiya. Sannan ya yi gyaran murya.

“Ɗiyata, kin ji Mani ɗan ƙanena ya dawo daga Bama? To, nan gidan ubansa ne. Yaron ya sha wuya, ba na iya ce masa ya kwana waje. Amma kada ki damu, akwai wani nan gaba, ya ma fi wannan fili.”

“Baba, ai ka ce gidana ne.”

“Naki ne mana! Wancan ma naki ne.”

Gaskiya ya faɗa, gida na biyu ya fi fili, don rabin katangarsa ya zube. Safiyyatu ta tsaya a tsakar gidan, ta ɗaure ɗankwali tamau. Idan so suke su ga ta karaya, za su daɗe suna jira. Ta sake kiran magina. Ta sake jiƙa makuba. Matan unguwa suka sake zuwa, Uwani ta sake ba da waƙa, har ta ƙara baiti a kan 'yar Katsina mai hannun gyara. Wannan karon Safiyyatu har zane ta sa aka yi a goshin zaure, don kowa ya gani.

Kowa kuwa ya gani. Bazara na kamawa, Kabo ya zo da tsire a ƙunshe cikin ganye, mai zafi.

“Hamma mai gidan nan ya dawo daga kuza,” in ji shi, yana girgiza kai. “Ki gan shi, duk ya rame.”

Safiyyatu ba ta taɓa tsiren ba. “Baba, don girman Allah ka yanka mini haya. Ko nawa ne. In san ina biya, in san ina zaune.”

Ran Kabo ya ɓaci ƙwarai, har idonsa ya yi ja. “Me na yi miki, ɗiyata, kike so ki zubar mini da mutunci? So kike a ce Kabo ya zama ɗan birni, yana tatsar marayu? Wallahi ko anini ba zan karɓa ba.”

A nan ta gane abin da ya dame ta tun ranar farko. Wanda ke biya yana da bakin magana. Baƙo kuwa godiya kaɗai ta rage masa. Ta yi tunanin kai ƙara gidan hakimi, sai ta tambayi kanta me za ta ce: wani dattijo ya ba ni gida kyauta, ya sake ba ni, yanzu kuma yana shirin ba ni na uku?

Inna ta ce, “Mu koma garinmu Babban Duhu, Safiya. Ƙirjina ba zai ɗauki damina a kango ba.”

Komawa Babban Duhu kuwa barin aiki ne. Zama ne a gidan baffanni, waɗanda tun ranar da aka kai ta makaranta suka faɗi inda abin zai ƙare, suna nan suna jira su ce ai mun faɗa. Safiyyatu ta ce, “Inna, ki ba ni daminar nan. Idan ɗigo ɗaya ya taɓa ki, da kaina zan ɗaura wa jaki kaya.”

Gida na uku yana can ƙarshen unguwa. Zaurensa ya tsage daga sama har ƙasa, gefe guda ya rufta, tumfafiya ta fito a bakin ƙofa ta fi mutum tsawo. Safiyyatu ta daɗe tana kallon zauren. Ta tuna Kabo a zaune a gida na farko, ta tuna shi a zaune a na biyu. Duk a zaure. Namiji baligi ba ya wuce zauren gidan da mata ke ciki, balle dattijo mai tsoron a faɗi sunansa. Ashe bai taɓa ganin ɗakunanta ba. Farar ƙasar waje ce ta kira shi, da ƙarar madaɓai, da bakin Uwani.

Ba ta kira maginan gari ba. Ta aika Babban Duhu, kawunta Ɗan'auta, wanda magini ne, ya zo gaishe da 'yar'uwarsa, ya daɗe yana gaisuwar. Kafin ya tafi, ɗakuna biyu na can ƙurya, bayan tsohuwar bishiyar durumi, sun sami rufi mai kauri da indararo mai zuba ta baya. Zaure bai sami ko dunƙulen laka ba.

Saura daɓe. Daɓe aikin gayya ne, kuma ba ya ɓoyuwa. Amma ran kasuwa makaɗan kalangun Kabo suna tsayawa a gaban rumfarsa tun hantsi har yamma, suna kaɗa masa taken fawa, duk bayan kasuwa ba mai jin maganar wani. Sai Safiyyatu ta riƙa rufe ɗakin magani bayan la'asar, ta dawo ta ɗaura tsohon zane, ta durƙusa ita kaɗai da madaɓi, tana bin kiɗan. Idan kalangu ya yi sauri ta yi sauri, idan aka tsaya yi wa Kabo kirari ta tsaya ta huta. Kasuwa bayan kasuwa haka, har tafin hannunta ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. Inna tana yayyafa ruwan makuba tana cewa, “Allah ya ƙara wa Kabo ciniki, kada makaɗan nan su tashi da wuri.”

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne bakin gari. Ita da ke tara mata a ɗakin magani tana koya musu shara da wanke hannu, ga ƙofar gidanta kamar juji.

“Malama,” in ji wata mai goyo, “jiya na wuce ta gidanki. Tumfafiyar nan ta magani ce kike nomawa?”

Wata ta ce, “Ku bar ta, tsabtar ta ƙare a gida na biyu.”

Aka kwashe da dariya. Safiyyatu ta ci gaba da naɗe bandeji. Kalma ɗaya ta isa ta rufe musu baki, ta ce ku zo ku gani. Ta haɗiye ta.

Kabo ma ya tsaya wata rana a bakin ƙofa, bai sami wurin shimfiɗa tabarma ba. Ya dubi tsagar bango, ya dube ta da tausayi na gaske.

“Ɗiyata, kin gaji ke nan?”

Tun da aka haife ta ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan kalmar ba. Ta sunkuyar da kai. “Na gaji, Baba.”

Damina ta sauka, ɗigo bai taɓa Inna ba. Ana cikin haka labari ya bazu cewa Abdulƙadir, ɗan Kabo na cikinsa, an sallame shi daga soja, yana hanya da iyalinsa. Gidajen da suka rage a unguwar ba su da ko rufi. Safiyyatu ta san za a zo.

Da azahar wata rana, hadari ya haɗo daga gabas, sai ga sallamar Uwani. Ta ratso zauren tana tattare zane, tana tsaki, tana kiran sunan Allah saboda macizai. Ta zagayo durumin, ta ɗaga asabari, ta tsaya cik.

Daɓe sumul kamar bayan ƙwarya. Bango fari tas. Randa a rufe, gado a gyare, Inna a zaune tana kaɗi.

“La ilaha illallahu,” in ji Uwani. “Ke 'yar nan! Yaushe? Da wa?”

“Ni kaɗai, Gwaggo.” Safiyyatu ta buɗe mata tafin hannu. Ba ta roƙe ta ba. Ta yi niyyar ko za a kore ta, a tsaye za a kore ta.

Kafin Uwani ta ce wani abu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba halin fita. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga kai tana bin azara da ido ɗaya bayan ɗaya, tana jiran inda zai fara. Ta matsa ta duba kusurwa. Ta shafa bango. Babu.

Can ta ce, “Kin san yanzu a ɗakina ƙore nawa ke tare ruwa? Har da kwanon tuwo. Kowace bazara sai in ce wa Malam a yi yaɓe, ya ce sai an sayar da fatu. Jiya a zaune na kwana, da tabarma a ka.” Ta sake kallon rufin. “Idan Malam ya ji labarin nan, Abdulƙadir zai ba gidan. Matar Abdulƙadir kuwa ban san halinta ba.”

Inna ta tura mata ƙwaryar fura. Uwani ta sha, ta miƙe ƙafafu, ba a jima ba barci ya ɗauke ta, har da minshari. Sai da ruwa ya ɗauke ta farka, ta gyara lulluɓi, ta fita.

Washegari Kabo ya yi sallama. Safiyyatu ta fito ta durƙusa a cikin ɓaraguzan zaure.

“Uwani ta faɗa mini komai,” in ji shi.

Safiyyatu ta jira ta ji sauran.

“Ta ce ciki ya fi waje muni. Ta ce ko akuya aka ɗaure a nan sai ta tsinke igiya. Wallahi na ji kunya, ɗiyata. Abdulƙadir zan raba musu gida da Mani, ba na iya sa shi a nan. Ke kuwa ki ƙara haƙuri, ki zauna abinki, ba mai tashin ki. Kuma kada in sake jin maganar haya.”

“Na gode, Baba. Allah ya saka.”

“Ba komai. Ai gidanki ne.”

Tun daga ranar, duk lokacin da hadari ya haɗo, sai a ga Uwani ta fito da audugarta da mazari, ta ce wa Kabo za ta je ta jajanta wa baiwar Allahn nan. Gari ya ci gaba da cewa boko ya lalata ungozoma, ko ƙofar gidanta ba ta iya sharewa. Safiyyatu takan ji, ta wuce da kanta a sama. Kowace safiya kuma, kafin ta tafi ɗakin magani, takan fito da ruwan wanke-wanke ta zuba a gindin tumfafiyar, don kada ta bushe.