Cizon Karen Teku

Agrafina na wanke raunin da ke cinyar mijinta Ilariyon, tana huci. Kowa a tsibirin ya san idan lokacin barbara ya zo, ba a ratsawa tsakanin namijin karen teku da matan da ya tattara kan dutsensa. Amma Ilariyon ya ga ƙaton ya rame, sai ya yanke ta nan don ya riski abokan hirarsa. Ya kuwa sha cizo.

"Na zaci yunwa ta gama da shi," in ji shi.

"Ka zaci! Makonni ke nan bai ci komai ba, don kada ya bar gidansa." Ta matse raunin sai da ya yi ƙara. "Kai fa, maigida? Yaushe rabonka da wuni a naka?"