Lambar da Ta Shiga Wayar Baba

Ƙarfe goma da kwata na safe na buga adireshin sabon shafinmu na intanet a waya, sai na ga fari fat, da ɗan rubutu wai an dakatar da sunan shafin. Na kashe data na kunna, na sake bugawa, duk a banza. Ƙarfe sha biyu kwamitin wata makaranta zai zauna ya zaɓi kafintan da zai yi musu teburan ɗalibai ɗari uku, kuma sun ce kowa ya sa aikinsa a shafinsa, can za su duba. Wata biyu ke nan injinan shagonmu ba su yi kukan kirki ba. In aikin nan ya wuce mu, ma'aikata huɗu za mu sallama.

Na kira Injiniya, mutumin da ya haɗa mana shafin.

"Jiya fa lafiya ƙalau na bar shi," in ji shi. Na ji yana danne-danne. "Kash. Ranar da kuka yi rajistar sunan, kamfanin ya turo saƙon tabbatarwa ta imel. Kwana sha biyar suke bayarwa. Ba wanda ya danna, shi ne suka rufe."

"Ni ban ga wani saƙo ba."

"Ai ba imel ɗinki ne a kai ba. Na mahaifinku ne."

Na juya na zuba wa Yaya ido, domin shi ya cike fom ɗin. A gidanmu komai da sunan Baba ake yi, daga lasisin shago har mitar wuta, ko da shi Baban bai san an yi ba. A wajen Yaya rashin kunya ne ɗa ya rubuta sunansa uba na raye. To ga ladabi nan ya kai mu ya baro. Imel ɗin ma Yaya ya buɗe masa shekara shida da suka wuce, kuma kalmar sirrin ta bi iska. Hanya ɗaya ta rage, a turo lamba zuwa ƙaramar wayar Baba.

Na tura, na ruga bayan shago. Baba na tsaye yana goge ƙafar tebur, ƙurar katako har a girarsa. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro, ya nisanta ta da ido, ya danna sau biyu ya mayar.

"Baba, lambar da ta shigo yanzu nake so."

"Na goge ta."

"Ka goge?"

"Ba ku kuka zaunar da ni bara ba, kuka ce duk wanda ya nemi lamba ɓarawo ne? Ke da bakinki kika ce, Baba, ko ni ce kada ka ba ni."

"A waya nake nufi! Ga ni a gabanka!"

"Auta, ba ki ce a waya ba."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Shekara guda muna fama ya riƙe sunan maganinsa ya kasa, amma wannan darasin ya haddace shi tsaf. Yaya ya zo ya durƙusa, ya yi bayani tiryan-tiryan, har da sunayen ma'aikata huɗun nan. Baba ya daɗe yana kallon injin yanka da ke kashe.

"Ba zan karanta wa kowa ba," ya ce. "Amma zan rubuta da hannuna."

Muka sake turawa. Minti goma lambar ke yi ta mutu, Baba kuwa sai da ya wanke hannu, ya nemo tabarau, ya gyara zama a kujerar ofis gaban kwamfuta. Da yatsa ɗaya yake neman kowace lamba, ɗayan hannun ya kare wayar kada mu leƙa. Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Saura minti ɗaya akwatin imel ɗin ya buɗe, na tono saƙon a ƙarƙashin tarkacen talla, na danna.

Injiniya ya ce yanzu sai jira, yakan ɗauki minti kaɗan, yakan kuma kai awanni, kuma yakan buɗe wa wasu kafin wasu. Sha ɗaya da rabi, fari. Sha biyu saura biyar, fari. Sha biyu ta gota na kifa wayar a tebur, hawaye suka zubo, ban ma ɓoye ba. Ma'aikatan sun taru a bakin ƙofa.

Sha biyu da ashirin wayar ta yi ƙara. Sakatariyar kwamitin ce.

"Muna kan shafinku. Tebur na uku, mai zaman mutum biyu, za ku iya ɗari uku cikin mako shida?"

"Ya buɗe a wajenku?"

"Tun ɗazu. Za ku iya?"

Na ce za mu iya. Ta ce gobe mu kawo samfuri ɗaya. Ina ajiyewa Baba ya matso da kujerarsa, ya gyara tabarau.

"To a nuna mini abin da suka gani mana."

Na sake buga adireshin na miƙa masa. A wajenmu har yanzu fari ne fat.