Ramin da ke Zuciyar Tsuntsuwa

Tun da aka shiga da yarinyar ɗakin tiyata mahaifinta bai zauna ba. Ya je bakin taga, ya dawo, ya leƙa ƙofa, ya sake komawa taga. Malamin lissafi ne, 'yarsa kuma ita kaɗai gare shi. Tsuntsuwa suke ce mata saboda ƙarancin cin abincinta. Da rami a zuciya aka haife ta, yau ne likitoci za su toshe shi.

Matarsa tana kan benci, ta rungume takalman yarinyar. Kusa da ita yayansa ne, mai zanen gine-gine.

"Ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Yaya. "Wanda ya tsara zuciyar nan, Shi zai kiyaye ta."

Malamin ya tsaya cak. "Tsara? Yaya, da kai ne ka zana gida ka bar rami a bangon tsakiya, akwai wanda zai sake ba ka aiki?"

"Subhanallahi! Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Tambaya nake yi. Ta daɗe tana cina."

Yaya ya gyara zama. "To dubi asibitin nan. Bututun ruwa, wayoyin wuta, kowace ƙofa a inda ya dace. Akwai mai hankalin da zai ce iska ce ta tara bulo? Balle zuciya, ɗaki huɗu, ƙofofinta gefe ɗaya suke buɗewa, ba ta hutu ko kana barci. Kai kanka da ka ce rami, ai don ka san yadda bangon ya kamata ya kasance ne. Abin da ba shi da tsari ba a cewa ya lalace."

"Gini mun sha ganin magina na yi, shi ya sa muke gane hannunsu. Duniya nawa ka taɓa ganin ana ginawa? Zuciyar da ta yi aiki, mai ita ya rayu ya haihu. Waɗanda tasu ta ƙi, ba su nan balle su ba da shaida."

"Lissafin da kake koyarwa fa? Da shi ake gane tafiyar taurari. Wa ya ajiye shi a can kafin ka zo da allinka?"

"Ban sani ba. Amma rashin sanina ba hujjarka ba ce."

Ƙofa ta buɗe, duka ukun suka zabura. Ashe wata nas ce da gadon turawa, babu kowa a kai. Ta wuce ko kallonsu ba ta yi ba.

"Don girman Allah ku fita waje ku ƙarasa," in ji matar. "Ni ba hujja nake jira ba, 'yata nake jira."

Suka fita sum-sum kamar yaran da aka kora daga aji, suka tsaya bakin matattakala. Malamin ya riƙe ƙarfen matattakalar.

"Ban daina salla ba, Yaya. Amma in na ɗaga hannu, tambayar nan ce take fara zuwa kafin addu'a."

Yaya ya dube shi. "Tsarin nan ina ganinsa, ba zan ɓoye maka ba. Ramin kuwa, ni ma ban san dalilinsa ba. Jiya da Tsuntsuwa ta ce in zana mata gida mai lilo, sai da na fita waje na share hawaye."

Can suka ji matar tana kwaɗa musu kira. Suka koma da gudu, Yaya har da tuntuɓe. Likita na tsaye, ya sauke ƙyallen bakinsa. Ya ce aiki ya yi kyau, an toshe ramin, amma yarinyar ba ta farka ba tukuna, sai an ga yadda za ta kwana. Mutum ɗaya za a bari ya shiga.

Uwar ta bi shi ba ta waiwaya ba. Yaya ya ciro wayarsa da ke ta ruri, mahaifiyarsu ce, kiran ba ya ƙirguwa.

"Bari in je in ɗauko ta, kafin ta taho a ƙafa."

"Yaya, maganar nan ba mu gama ba fa."

"Na sani. In an sallame ku ka zo gida, mu kwana muna yi. Amma ka fara sa wani abu a cikinka, tun safe ko ruwa ba ka sha ba."