Jitar Lem a Talabijin Ɗin Verdell

Ozella tana ɓarar wake a baranda ran Litinin da hantsi aka buga waya daga Chicago. Wata mata ce, ta ce a gidanta Lemuel yake haya. Zuciyarsa ce ta tsaya ran Juma'a, abokan kiɗansa har sun binne shi. Sai jiya aka tsinci lambar wayar a akwatin jitarsa.

"Ke ce yayar tasa?"

"Ni ce."

"Allah ya ba ki haƙuri. Af, jibi za a nuna shi a talabijin, ƙarfe bakwai na yamma. Taron manyan makaɗan blues ne, tun watan jiya aka ɗauka."

Shekara talatin da ɗaya rabonta da ƙanen nata. Ranar da aka binne mahaifiyarsu ya zauna a wannan baranda ya fara kaɗa jita, mutanen coci suna cikin gida suna cin kaza da burodin masara. Ta fito ta ce masa kiɗan Shaiɗan ba zai shiga gidan nan ba, ya zaɓa, ko jita ko gida. Lem bai iya musu ba tun yana ƙarami. Ya rataya abarsa, ya bi titin da ya ratsa gonakin auduga ya tafi tasha. Ko hotonsa ba ta da shi. In ta rufe ido, fuskar ɗan shekara ashirin take gani. Yanzu so take ta ga yadda tsufa ya yi da shi, ko sau ɗaya.

Sai dai Laraba ƙarfe bakwai lokacin taron addu'a ne, kuma Ozella ba ta taɓa fashi ba. Ta sa hular cocinta, ta ɗauki jaka, ta fito. Da ta kai mararraba sai ta karkata gidan Verdell, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ke da talabijin.

"Ikon Allah!" in ji Cleophus, mijin Verdell. "Uwar masu tsarki da kanta? Fasto ya san kina nan?"

"Rufe mana baki, tsohon banza," in ji Verdell. "Fita ka riƙe mana eriya, iska na kaɗa ta."

Ya fita yana gunaguni, ya rungume dogon ƙarfen da ke jikin taga.

Aka fara. Manyan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin kwat masu walƙiya. Wani ya ɗora jitar a ƙeya yana kaɗawa, wani ya durƙusa har ƙasa yana zufa, wani ƙato kuwa ya ja waya ɗaya tak ya bar ta tana kuka har jama'a suka miƙe. Ozella ba su take kallo ba. Bayansu take leƙe, inda makaɗan da ke musu rakiya suke tsaye cikin duhu, ba a nuna su sai a gefe.

"Wancan mai ƙiba?" in ji Verdell.

"Lem bai taɓa ƙiba ba."

"'Yar'uwa, shekara talatin fa. Dubi Cleophus, da kamar sanda yake."

"Ina jin ku!" in ji shi daga waje.

Can gab da ƙarshe wani dattijo ya tsaya a tsakiyar waƙa, ya waiwaya baya ya ce, "Lem, taho ka faɗa musu." Ozella ta miƙe tsaye, jakarta ta faɗi. Daidai nan hoton ya watse, sai yayyafi fari.

Verdell ta leƙa taga ta ƙwala wa Cleophus kira. "Juya eriyar! Juya hagu! Ba can ba, ɗaya hagun!"

Hoton ya dawo. Ga wani siririn mutum a kan kujera, wuyan kwalba a ƙaramin yatsansa, yana jan shi a hankali bisa wayoyin. Ya sunkuyar da kai, malafarsa ta rufe fuskar ruf. Ba tsalle, ba durƙuso. Kiɗan yana tafe kamar mai magana ƙasa-ƙasa don kada a tashi mara lafiya.

"Ɗago kai, Lem," in ji Ozella. "Ɗago kai ana maka magana."

Bai ɗago ba. Haka yake yi tun suna yara in an tsare shi da ido. Minti ɗaya da 'yan kai ya yi, aka tafa, aka mayar da hoton kan dattijon. Ba a sake nuno shi ba.

Verdell ta kama hannunta. "Ba ki ga fuskar ba ko?"

"Ban gani ba." Ta zauna, ta cire hular ta ɗora a cinya. "Ashe haka yake kaɗawa. Ban taɓa tsayawa na ji ba, Verdell. Ko sau ɗaya."

Ran Lahadi fasto ya tambaye ta ko lafiya, ta ce lafiya ƙalau, ƙanenta ta je saurare.

Akwai wata tashar rediyo a hayin kogi da ke sa irin kiɗan da tsakar rana. Har yau, sha biyu na yi, Ozella takan ɗora rediyo a tagar kicin ta kunna. Ba ta san sunan kowa ba. Tana dai kasa kunne ga wanda ke kaɗawa a baya.