Ruwan Ƙaguwa

Shakira ta sake yin tarin, uwarta Lauratu ta tare mata baki da gefen mayafi, ta yi sauri ta dunƙule shi kada mijinta ya ga jinin. Massa'udu ya gani. Ya kau da kai ya dubi likita.

Tun asuba suka baro Djougou zuwa wannan asibiti na Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin, domin yarinyar ta daɗe tana shan maganin tarin fuka, kullum sai ƙara ramewa take. Likitar mace ce 'yar kudu, Faransanci kawai take ji. Shi Massa'udu yawon fatauci ya koya masa harshen, ita kuwa Lauratu sai wata nas mai suna Tasalla ke mayar mata da zancen cikin Hausa.

"Madam ta ce ba tarin fuka ba ne," in ji Tasalla. "Ta ga wasu ƙwai a cikin kakin. Tana tambaya, yarinyar na cin ƙaguwa?"

Massa'udu ya yi wata dariya ta jin haushi.

"Ƙaguwa? Mu? Ki gaya mata ba 'yan bakin teku ba ne mu. Abin nan bai taɓa shiga tukunyar gidanmu ba."

Gaskiya ya faɗa kuwa, tukunya bai taɓa shiga ba.

Likitar ba ta yi musu ba, ta juyo musu da wayarta. Hoto na farko wata faffaɗar ƙaguwa ce mai shuɗin ƙafafu. Tasalla ta ce wannan ta ruwan gishiri ce, irin ta Cotonou, ba ita ake nema ba. Likitar ta ja hoton. Sai ga wata 'yar ƙarama, kalar ƙasa, a bakin rami.

"Wannan ta rafi ce, danginsu daban. Ba ta san teku ba, a ƙarƙashin cikinta take goyon 'ya'yanta. Akwai tsutsa a jikinta. In an dafa sosai sai ta mutu, in ɗanya ce sai ta hau huhu ta zauna. Madam ta ce akwai magani, amma ga ƙananan yara tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa."

Lauratu ta ƙura wa hoton ido. Ta san wannan aba. Inna, uwar mijinta, ita take aikawa a kamo su a rafin Pélébina duk sa'ad da yaro ya fara tari. Da ransu take zuba su a turmi ta kirɓa, ta tace da tsumma, ta ɗura wa yaro ruwan. A wurin Inna wannan magani ne, kuma maza ba su da labarinsa. Da tarin Shakira ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Inna ta ƙara yawan cokalin, Lauratu ce ma mai riƙe mata hannuwa.

Ga Nabil kuma, autanta, da ko yaye shi ba a daɗe da yi ba. Jiya ya fara 'yar atishawa da tari. Da za su fito, ta ji abu yana ƙaraf-ƙaraf cikin bokitin da aka kife da faranti a bayan ɗakin Inna.

Tsoro ya kama ta. Ba ta taɓa ambaton Inna da laifi a gaban ɗanta ba, ta kuma san ba zai so ji ba a gaban baƙi.

"Malam," ta ce da mijinta, "ba ta ci ba. Sha ta yi. Inna ke ba su."

"Ke, kin san abin da kike faɗa?"

"Ba ni wayarka. Nabil."

Ya tsaya yana dubanta. Tasalla ta yi wa likita bayani a gurguje, fuskar likitar ta canza. Ganin haka ya sa ya danna lambar Inna da kansa ya miƙa wa Lauratu.

Wayar ta yi ta ringi har Lauratu ta fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Inna, ina kwana. Don Allah, abin nan na cikin bokiti, kada..."

"Ke dai ki ji da wadda ke gabanki," in ji Inna cikin fara'a. "Ɗan albarka ya shanye nasa tun hantsi, ko kuka bai yi ba. Na ma rage wa Shakira nata, yana nan a kwalba sai kun dawo."