Watakila Ko Babu Makawa

Tun ranar da Siddiq ya ce ya kamata in koyi Ingilishi na san da walakin. Shekaru na yi ina koyar da Faransanci a Damagaram bai taɓa ganin ina da giɓi ba, sai da na zo Lyon a yi mani aikin ido, na sauka gidansa a Villeurbanne, sannan ya tuna ƙwaƙwalwar tsohuwa tana son motsi. Shi ne autana, yana bincike kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a jami'a. Kafin wannan ya sha kawo mani zancen garkar da mahaifinsa ya bar mani a Mirya: wai wani ɗan kasuwa yana so, in sayar tun rijiyarta tana da ruwa, in dawo wajensu gaba ɗaya. Na ce a'a, ya yi shiru. Ni kuwa ban taɓa yarda da shirun Siddiq ba.

'Yarsa Zakiyya aka ba aikin koya mani. Na zaci da gaisuwa za mu fara, ko sunayen kayan miya. Sai ta buɗe littafin lakwal ɗinsu, wato makaranta, a babin abubuwan da ke barazana ga duniya: yaƙin nukiliya da ɗumamar yanayi.

"Babanki ne ya zaɓi wannan?" na tambaye ta.

"Mais non, Kaka! Shi muke yi a aji. Ba ki ga ana babban taron yanayi a Paris ba? Ke komai sai kin ga hannun mutum a ciki."

"Don akwai hannun ne, 'yar nema. Karanta."

Na koyi drought, wato fari, kalmar da rabin haruffanta zaman banza suke yi, ba a furta su. Na koyi fallout, tokar da ke zubowa daga sama bayan bam ya tashi. Na ce mata mutanen da suka raɗa wa wannan toka suna tun ba ta zubo masu ba, a riƙa sa masu ido.

Sai muka iso wata jimla a kan Sahel, mai cewa rijiyoyi da yawa za su ƙafe, eventually. Na cire tabarau na yi dariya. Wannan ai tsohuwar ƙawata ce ta Faransanci, éventuellement, ta yanke wutsiya ta tsallaka teku. Ma'anarta watakila, in ta kama. Na riƙe abina sai da aka zauna cin abinci.

"Malam mai bincike," na ce wa Siddiq, "su masu littafin ma watakila suka ce. A kan watakila zan rabu da mangwaron ubanka?"

Ya duba shafin, ya aje cokali. "Inna, kama ce kawai suka yi. A Ingilishi nufinta komai daɗewa sai abin ya faru."

Zakiyya ta miƙo mani tarhonta, wai ga ƙamus ya faɗa. Uba da 'ya da tarho, duk gida ɗaya suke kwana. Na ce na ji.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na wuce Stains wajen Hajiya Mutmainna, matar ƙanen mijina. Bakanuwa ce, ta yi jami'a a Zariya da Ingilishi kafin ta kama sana'ar atamfa da leshi, kuma ba ta san da zancen garka ba. Sai da na hau bene na tuna aibinta: tsakanin Kanawa da mu Damagarawa wasa ne tun kakanni, Bakano ya yi maka ƙarya ya kwana da lada.

"Lale da baiwata!" ta ce tun daga ƙofa. "Yunwar Damagaram ce ta koro ki?"

"Na zo duba ko kin fara wanka ne, Bakanuwa."

Muka gaisa, aka tambayi yara da jiki da sanyi. Na rubuta mata kalmar a bayan tikitina.

"Wannan? Sunan wani kifi ne."

"Mutmainna."

"To, maganin basir ne. Ke da kika koyar da rabin Nijar, yau kin zo Kano roƙon ilimi? Ki durƙusa tukun."

"Faɗa mani tsakaninki da Allah."

Ta daina dariya, don wasa ba ya tsallake wannan. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Yaya, nufinta daga ƙarshe, babu makawa. Kamar a ce kowa zai mutu."

"Ta faɗi yaushe?"

"A'a. Ba ta ɗauke da rana. Gobe ne, shekara ɗari ne, ita dai ba ruwanta. Lafiya?"

Na ce lafiya lau, ta zubo mani tuwo.

A hanyar komawa na yi ta juya abin. Yaron bai yi mani ƙarya a kan kalmar ba, wannan na ba shi. Amma shi mai auna ruwa ne, kuma tun da ya fara wannan magana bai taɓa ce mani ga shekarar da rijiyata za ta ƙafe ba.

Na same shi a falo. "Kalmarka ta tabbata," na ce. "Saura ka faɗa mani yaushe."

"Inna, ba a iya sa rana. Yanayin gaba ɗaya ake dubawa."

"Ka taɓa zura igiya a rijiyar Mirya?"

Bai taɓa ba.

"Kuma babin nan barazana biyu ce a ciki. Ta farkon ta ce manyan birane ake fara jefa wa bam. Ban ji ka sa gidan nan a kasuwa ba."

"Ba ɗaya ba ne, Inna." Ya sunkuyar da kai. "Ni dai ba na son ki tsufa can ke kaɗai."

"Da ka faɗi haka da Hausa tun farko, da ba a wahalar da yarinya ba."

Na sa ya kira mani Illiassou, mai kula da garkar. Na tambaye shi ruwa. Ya ce Alhamdu lillahi, rijiya cike take, ko kamu ɗaya ba ta sauka ba. Ya amsa da sauri ƙwarai, kuma mutum ne da abincinsa ke cikin garkar nan. Wanda ke so in sayar bai ga rijiyar ba, wanda ya gan ta ba ya so in sayar.

"Ka ce wa ɗan kasuwarka ba bana ba," na ce wa Siddiq. "Da likita ya sallame ni zan tafi. In ka samu hutu ka biyo ni da na'urarka, mu leƙa tare. Abin da muka gani, a kansa za mu yi magana."

Ya jawo ordinatarsa, wato kwamfuta, ya fara duba jiragen Yamai.