Tumakin Kambiriya

Tun kafin Alhaji Gwadabe ya bar Onitsha ya cika Kasuwar Relief da baki. Ingila zai je wajen 'yarsa Bashira mai aikin jinya, kuma in ya dawo, in ji shi, Jumare zai daina damun mutane da labarin Dubai. Shi Jumaren agogo yake sayarwa, tun bayan da ɓarayi suka kore garkensu a Arewa ya gangaro Kudu. Sau ɗaya ya raka ubangidansa sari Dubai, amma duk la'asar sai ya sake gina benayen nan a bencin mai shayi, kullum kuma ƙara tsawo suke.

To, ashe Bashira ba a Landan take ba. Wata gunduma ce, Kambiriya, kuma abin da ta yi ta nuna wa ubanta da alfahari shi ne duwatsu da tafkuna, ga ruwan sama ba hutu. Ta sa shi a jirgin ruwa ya zaga tafki, shi da ya gaji da ganin kogin Neja. Ta kai shi gindin wani tsauni, ya ga tsofaffin Turawa da sanda bibbiyu suna haki suna hawa. Ya tambaya ko kasuwa ke ci a sama. Ta ce a'a, in sun kai sai su leƙa ƙasa su sauko. Sauran kuwa tumaki ne, duk inda ka waiga.

Da ya dawo sai ya lafe bayan buhunan albasarsa, wai gajiyar jirgi. Gaskiya kunya yake ji. Ina mutum zai ce ya je Turai ya dawo da hoton tunkiya? Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ran Juma'a aka taso shi har bencin.

"Oga Landan, show us now," in ji Jumare, ya warce wayar Gwadabe don ya ga hotuna. Ya shafa, ya sake shafawa. "Jama'a, ƙauye aka kai Alhaji. Ina benen? Ko lifta ba ka hau ba?"

Aka bushe da dariya, har mai okada da ke wucewa ya taya su bai san dalili ba. Gwadabe ya ji kamar ya nutse.

Can sai yatsan Jumare ya tsaya a kan wani hoto. Tsauni ne kore shar, da doguwar katangar dutse ba siminti, tumaki sun bazu har inda ido ya ƙare, kowace da ɗigon fenti a gadon baya.

"Ina makiyayin?"

"Babu," in ji Gwadabe.

"Ya je salla ke nan."

"Babu shi sam. Fentin nan ne shaidar mai su."

"Da dare fa, wa ke kora su gida?"

"Nan suke kwana."

Jumare ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya bi gefen katangar yana neman mutum, ko kare, ko bukka. Bai samu ba. Ya daɗe yana kallo, shayinsa ya huce.

"Tura mini wannan," ya ce a hankali, ya tashi.

Kwana da kwanaki ba a ƙara jin Dubai a bencin ba. Jumare kan zo ya zauna, ya sha shayi, ya tafi. Abin da Gwadabe ya yi alkawari ke nan tun farko, ga shi ya samu, amma ko kaɗan bai ji daɗinsa ba. Tausayi ne ya cika shi.

Wata la'asar Gwadabe ya matso kusa da Jumare, ya gyara murya.

"Ni kam Jumare, dogon benen nan na Dubai, hawa nawa ka ce?"

Jumare ya dube shi, ya gane sarai. Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin.

"Ai kai ba za ka gane ba, mutumin ƙauyen Ingila. Matso in faɗa maka."